Tarihin Aiki da Rubutu a Gidajen Gahawa

Gidan gahawa wuri ne da ake sayar da dafaffiyar gahawa, mai saye ya zauna ya sha a nan, ba tare da an yanka masa lokacin tashi ba. Wannan sakewa ita ta bambanta shi da gidan abinci, inda wanda ya ƙoshi yake miƙewa ya ba wani kujera, ta kuma bambanta shi da mashaya, inda abin da ake sha ke gusar da hankali. Gahawa tana wartsakar da jiki, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ana kuma iya kurɓarta a hankali har ta huce. Shi ya sa tun ƙarni na 16 mutanen da sana'arsu ta kai ce da alƙalami, wato marubuta, dillalai, malamai, 'yan jarida da masana lissafi, suka riƙa barin gidajensu suna kai aikinsu can. Al'adar ta girmi kwamfutar tafi-da-gidanka da fiye da shekara 400.

Itacen gahawa ɗan asalin tsaunukan Habasha ne, amma a Yaman aka fara samun tabbataccen labarin shan ta, a ƙarni na 15, wurin sufaye masu neman abin da zai hana su gyangyaɗi a daren zikiri. Daga can fatake da alhazai da ɗalibai suka kai ta Makka da Alƙahira, inda ta fara karɓuwa a kewayen Azhar. Ba a jima ba ta fita daga zawiyya ta shiga kasuwa, aka buɗe shagunan da jama'a ke taruwa su sha. A 1511 Khair Beg, wakilin sarkin Masar mai kula da hisba a Makka, ya tara malamai da likitoci ya sa aka haramta ta. Haramcin bai yi ƙarko ba. Abin da ya dami hukuma tun a lokacin shi ne taron da gahawar ke haɗawa, domin inda maza suka zauna idonsu biyu har dare, maganar masu mulki ba ta rasa shigowa.

Cikakken bayani na farko game da gidan gahawa a matsayin wurin karatu ya fito daga Santambul. Masanin tarihin Daular Usmaniyya, Ibrahim Pecevi, ya ruwaito cewa wajen 1555 wasu mutum biyu daga Sham, Hakam na Halab da Shams na Dimashƙa, suka buɗe shaguna a unguwar Tahtakale. A bayaninsa, masu zuwa can sun haɗa da masu karanta littattafai, masu buga dara, mawaƙa da ke kawo sababbin baitocinsu a saurara, da alƙalai da malamai da ma'aikatan da aka sauke daga muƙami suna jiran sabon naɗi. Har laƙabin makarantar masu ilimi aka yi wa irin waɗannan shaguna. Dalilin karɓuwarsu a bayyane yake. Gidan mutum a wannan birni wurin iyali ne, karɓar baƙi a cikinsa kuma na bukatar wuri da abinci da ɗawainiya. A shago kuwa, da 'yan kuɗi kaɗan mutum zai karɓi abokai goma. Limamai sun koka cewa sahu na raguwa a masallatai, Sarki Murad na Huɗu kuma ya rufe gidajen gahawa a 1633, amma bayan zamaninsa suka dawo suka fi da yawa.

A Ingila ne al'adar ta rikiɗe ta zama ofis sosai. A 1652 Pasqua Rosee, baran wani ɗan kasuwa mai fatauci da Izmir, ya buɗe shagon gahawa na farko a Landan, a wani lungu da ke Cornhill. Ƙidayar da aka buga a 1739 ta nuna birnin na da gidajen gahawa 551. Da kwabo guda mutum zai shiga, ya sha kofi ɗaya, ya karanta jaridu da takardun labarai da aka baza a dogon tebur, ya saurari muhawara ko ya tsoma baki, shi ya sa aka riƙa ce musu jami'ar kwabo. Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe su a ƙarshen Disamban 1675 bisa zargin cewa nan ake ƙirƙirar jita-jita a kan gwamnati, amma kafin mako biyu ya janye, saboda harkokin birnin sun riga sun dogara da su.

Ya kamata a tuna yadda Landan take a wancan zamani kafin a gane wannan dogaro. Yawancin gidaje ba su da lamba. Matashin marubuci ko ƙaramin dillali yakan kama hayar ɗaki ɗaya a saman bene, inda kwal na ɗumama ɗaki da kyandir na karatu duk kuɗi ne. Gidan gahawa yana da wuta a murhu, yana da haske, yana da tawada da takarda, kowa kuma ya san inda yake. Saboda haka mutum yakan zaɓi shago ɗaya ya mai da shi adireshinsa. Jonathan Swift ya riƙa karɓar wasiƙunsa a gidan gahawa na St James's. Shahararren likita Richard Mead yakan zauna a shagon Tom's ko na Batson's, masu haɗa magani su zo su bayyana masa ciwon marasa lafiyarsu, ya rubuta magani a biya shi. A Garraway's ana gwanjon kaya da guntun kyandir: wanda ya yi tayi na ƙarshe kafin wutar ta mutu shi ya saya.

Kowace sana'a ta kama nata shagon. Masu jiragen ruwa da matuƙansu da masu ɗaukar lamunin kaya sun taru a shagon Edward Lloyd, wanda ya fara a Tower Street a ƙarshen shekarun 1680 ya koma Lombard Street a 1691. Lloyd ya gane cewa labarin jirage ne ke kawo masa ciniki, sai ya dage wajen tattara shi daga tashoshin ruwa. Daga wannan zama aka sami jaridar Lloyd's List a 1734, aka kuma sami kasuwar inshora ta Lloyd's da ke nan har gobe. Dillalan hannun jari, waɗanda aka kora daga kasuwar Royal Exchange saboda hayaniya, sun koma shagon Jonathan's, inda John Castaing ya fara fitar da jerin farashi a 1698. A 1773 suka tare a ginin kansu, wanda ya zama tushen kasuwar hannun jari ta Landan. Irin haka ta faru a New York, inda dillalai suka yi ciniki a Tontine Coffee House daga 1793.

Akwai ɓangaren wannan tarihi da bai kamata a tsallake ba. Cikin jiragen da aka yi wa inshora a teburan Lloyd's akwai masu dakon bayi daga gaɓar Afirka, kuma a 2020 kasuwar ta nemi gafara a kan hannun da take da shi a cinikin. Sukarin da ake zubawa a kofi, da gahawar kanta daga tsakiyar ƙarni na 18, yawanci guminsu na bayi ne a tsibiran Karibiyan. Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, ita ke samar da kusan rabin gahawar duniya gab da 1790. Arhar da ta ba marubucin Turai damar yini a kan kujera wasu ne suka biya ta da rayukansu. Haka kuma 'yancin zaman na maza ne: mace mai mutunci ba ta zama a gidan gahawa na Landan, sai dai ta kasance ita ce mai sayarwa a bayan kanta.

Ta fuskar adabi, shagon Will's da ke Covent Garden shi ne fadar mawaƙi John Dryden, inda matasa ke kewaye shi suna jiran hukuncinsa a kan sabon wasa ko waƙa. Da Richard Steele ya kafa mujallar The Tatler a 1709, sai ya raba shafukanta bisa sunayen shaguna: maganar waƙa daga Will's, ta ilimi daga Grecian inda 'yan ƙungiyar masana ta Royal Society ke zama, labaran gida da waje daga St James's, na nishaɗi daga White's. A shagon Button's, Joseph Addison ya sa aka kafa akwatin wasiƙa mai siffar kan zaki a 1713, masu karatu na jefa rubutunsu ta bakinsa don a buga a jaridar The Guardian ta wancan lokaci. Gajeriyar maƙala mai harshen hira, wadda ake iya karantawa a zama ɗaya, a irin wannan wuri ta girma, domin marubutanta sun san da kunne za a karɓe ta kafin ido. Zuwa ƙarshen ƙarnin shagunan Landan sun ja baya. Manyan sun zama kulob na masu rajista, 'yan kasuwa sun gina ofisoshi, jarida ta fara isa gida, shayi kuma ya mamaye teburin Ingila.

A Faris al'adar ta fi daɗewa. Wani mutumin Sisili, Francesco Procopio, ya buɗe Café Procope a 1686, ya ƙawata shi da madubai da teburan marmara, ya zama matattarar Voltaire da Diderot da abokan tafiyarsu. A Café de Foy ne Camille Desmoulins ya hau tebur ya kira jama'a su ɗauki makami ranar 12 ga Yulin 1789, kwana biyu kafin a fasa kurkukun Bastille. A Café de la Régence kuma Karl Marx da Friedrich Engels suka yi zaman da ya ƙulla abotarsu a 1844. Sai dai rubutu a kan teburin shago, shiru, daga safe zuwa yamma, ya fi bayyana a ƙarni na 20. Ernest Hemingway, wanda ke haya kusa da injin yanka katako a shekarun 1920, yakan gudu zuwa Closerie des Lilas da littafin rubutunsa da fensir. Lokacin da Jamus ta mamaye birnin daga 1940 zuwa 1944, kwal ya yi wuya, ɗakunan otal inda Jean-Paul Sartre da Simone de Beauvoir ke zaune suka zama ba sa zaunuwa don sanyi. Café de Flore yana da murhu, sai suka mai da shi ɗakin aiki, suna sammako don kama tebur kusa da wuta. James Baldwin, wanda ya baro Amurka a 1948 don gudun wariyar launin fata, a saman benen wannan shago ya yi wani ɓangare na aikin littafinsa na farko, wanda ya fito a 1953. Marubuta Richard Wright da Chester Himes kuwa Café Tournon suka riƙe.

Babu birnin da ya kai Biyana girmama mai dogon zama. Labarin da ake yawan bayarwa cewa buhunan gahawar da sojojin Turkiyya suka bari a 1683 ne mafarin shagunan birnin tatsuniya ce. Takardun tarihi sun nuna wani Ba'armeniye, Johannes Diodato, shi ya sami lasisi a 1685. Zuwa 1910 mutanen birnin sun haura miliyan 2, matsalar muhalli ta yi tsanani har wasu na hayar gado na 'yan sa'o'i a gidan wani. A irin wannan matsi, shago mai tsawon rufi da ɗumi da jaridun ƙasashe daban-daban a maƙale jikin sanda ya zama falon wanda ba shi da falo. Ana kawo gahawa tare da kofin ruwa, in ruwan ya ƙare a sake kawo wani, babu mai cewa a tashi. Marubuci Peter Altenberg ya ba da Café Central, wanda aka buɗe a 1876, a matsayin adireshinsa, Leon Trotsky kuma ya yi shekarun gudun hijirarsa yana buga dara da karanta jaridu a can. Mamayar 'yan Nazi ta 1938 ta watsa wannan duniya, domin da yawa daga masu raya ta Yahudawa ne. A 2011 aka sa al'adar gidan gahawa ta Biyana cikin jerin gadon al'adu na Ostiriya a ƙarƙashin UNESCO. A Budafest masu shago sun ma zarce haka: New York Café, wanda aka buɗe a 1894, yana ba marubuta takarda da tawada kyauta da abinci mai rahusa, editocin mujallar Nyugat kuma a can suke duba rubuce-rubucen da aka kawo musu.

Misali mafi ƙarfi na aikin da aka yi a gidan gahawa ya fito daga fagen lissafi. A birnin Lwow, wanda a lokacin yake cikin Folan, yau kuma yake Yukren da sunan Lviv, Stefan Banach da Stanislaw Mazur da Stanislaw Ulam da abokansu sun riƙa yini a wani shago mai suna Scottish Café a shekarun 1930. Da fensir suke rubuta lissafinsu a kan marmarar tebur, ma'aikata su goge da dare, aikin yini guda ya tafi. A 1935 aka sayo babban littafin rubutu aka damƙa wa ma'aikatan shagon, duk mai sabuwar matsala ya nema a kawo masa ya rubuta, wani lokaci ya sa kyauta ga wanda ya warware. Kafin yaƙi ya tsayar da su a 1941 an rubuta matsaloli 193. A kan ta 153, wadda Mazur ya rubuta a 1936, kyautar dinya ce mai rai. Sai a 1972 wani masanin Suwidin, Per Enflo, ya warware ta, Mazur kuma ya miƙa masa dinyarsa a Warso. Wannan littafi hujja ce cewa abin da shagon ya bayar ya wuce ɗumi. Ya tara masu tunani iri ɗaya a tebur guda, ya bar su su yi shiru na sa'a ɗaya ko su yi gardama ta sa'a uku, abin da ajin jami'a da ɗakin gida ba sa bayarwa.

A ƙasashen Larabawa, inda al'adar ta faro, ba ta taɓa yankewa ba. Café Riche na Alƙahira, wanda aka kafa a 1908, ya karɓi zaman Juma'a na Najib Mahfuz a shekarun 1960, inda matasan marubuta ke kawo masa ayyukansu. Mahfuz, wanda ya sami kyautar Nobel a 1988, ya saba da shagon Fishawi na kasuwar Khan al-Khalili tun ƙuruciya, ya kuma gina littattafai sukutum a kan zaman shago, kamar Al-Karnak da Kushtumur. Amma shi a gida yake rubutu, a sa'o'in da ya keɓe bayan tashi daga aikin gwamnati. Shago wurin sauraro ne a gare shi. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin da yawa daga marubutan da ake jingina wa gidajen gahawa sun ɗebo kayan aiki ne a can suka kai gida suka ƙera. A Bagadaza, shagon Shabandar da ke titin Mutanabbi na masu sayar da littattafai yana nan tun 1917. Bam ya rusa shi a Maris na 2007, aka sake gina shi, masu karatu suka koma.

Salon da aka sani a yau ya taso ne daga haɗuwar kasuwanci da fasaha. Kamfanin Starbucks ya fara a Seattle a 1971 yana sayar da ƙwayar gahawa, ba dafaffiya ba. Howard Schultz ne, bayan ya ga shagunan Milan a 1983, ya saye shi a 1987, ya kuma juya shi zuwa wurin zama. A 1989 masanin zamantakewa Ray Oldenburg ya yaɗa ra'ayin wuri na uku, wato inda mutum ke zuwa wanda ba gida ba kuma ba wurin aiki ba, kamar dai yadda teburin mai shayi ko majalisar ƙofar gida suke a garuruwan Hausa. Kamfanonin gahawa suka rungumi wannan suna don talla. A 1994 aka buɗe Cyberia a Landan, ɗaya daga shagunan intanet na farko, inda ake biyan kuɗin zama gaban kwamfuta. Da Wi-Fi ya yaɗu, kowa ya zo da tasa na'urar, a 2010 kuma Starbucks ya mai da intanet kyauta ba iyaka a shagunansa na Amurka. Labarin J. K. Rowling, wadda ta rubuta wani sashe na littafin Harry Potter na farko a shagunan Edinburgh yayin da jaririyarta ke barci a keken yara, ya ƙara wa al'adar kwarjini bayan fitowar littafin a 1997.

Dalilan yau sun sha bamban da na da. Mai zuwa shago a yanzu galibi yana da haske da tebur a gida. Abin da yake gudu shi ne kaɗaici, ko hidimar iyali, ko gado da talabijin da ke kiransa. Ganin wasu sun duƙufa yana sa shi ma ya duƙufa, fita daga gida kuma tana raba masa lokacin aiki da na hutu. Wani bincike da Ravi Mehta da Rui Zhu da Amar Cheema suka wallafa a 2012 ya nuna cewa matsakaiciyar hayaniya, kimanin desibel 70, ta fi shiru na desibel 50 taimakawa wajen ayyukan ƙirƙira, ta desibel 85 kuma tana cutarwa. Gwajin ya shafi gajerun ayyuka ne, bai isa ya zama hukunci a kan kowane irin aiki ba, kuma mai duba lissafin kuɗi ko gyaran rubutu yakan fi bukatar shiru. Babban abin da ya sauya shi ne matsayin magana. A Tahtakale da Will's da Lwow, hira ita ce aikin, wanda ya zauna kusa da baƙo ana sa ran zai tanka masa. A shagon zamani kowa ya toshe kunnuwansa ya fuskanci allonsa, abokan aikinsa na wata nahiya, maƙwabcin teburinsa kuma bai san sunansa ba. An riƙe kujera da ɗumi, an saki musayar ra'ayi, wadda ita ce ta haifi jaridu da kasuwanni da littafin Scottish Café. Wannan asara ce ta gaske ga wurin da aka yi wa suna na uku, domin ya koma reshen na biyu, wato wurin aiki.

Ga mai shago kuwa, lissafin bai sauya ba: kujera tana da kuɗin haya, da wuta, da albashin ma'aikata, kofi ɗaya kuma ba ya biyan sa'a huɗu. Shagunan zamanin da sun jure dogon zama saboda mai zaman yana jawo wasu, sunansa na ɗaga darajar wurin. Mai kwamfuta shi kaɗai yake zuwa, yakan kuma kama teburin mutum huɗu. Saboda haka wasu shaguna suka rufe soket, wasu suka hana buɗe kwamfuta a ƙarshen mako ko lokacin abincin rana. Wasu sun bi wata hanya: Ziferblat, wanda aka buɗe a Mosko a 2011, minti yake sayarwa, gahawar kyauta ce. A Tokyo an buɗe wani shago a 2022 wanda ba ya karɓar kowa sai mai rubutun da wa'adinsa ya matso, ya rubuta a takarda yawan abin da zai kammala, ma'aikata na leƙo shi lokaci-lokaci, ba ya tashi sai ya gama ko an rufe. Bayan annobar korona ta 2020, wadda ta mai da miliyoyin ma'aikata masu aiki daga nesa, matsin ya ƙaru a kan kujeru. A Janairun 2025 Starbucks ya soke ƙa'idarsa ta barin kowa ya zauna a shagunansa na Arewacin Amurka, ya koma sharaɗin cewa mai son tebur sai ya sayi wani abu.